Fashin baƙi: Me ake dubawa kafin a kai mai alamun shanyewar ɓarin jiki asibiti?

Duk wanda ke cikin zauren WhatsApp na dangi ko na unguwa, da wuya a ce saƙon nan bai taɓa faɗo masa ba: wai idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa ya karkace, a samu allura a ƙona tsininta, a tsattsaga kan yatsunsa goma da fatar kunnuwansa, da zarar jini ya ɗiga zai dawo daidai. Shekara da shekaru saƙon yana yawo cikin harsuna iri-iri, kuma babu hujjar likitanci ko ɗaya a bayansa. Amma na gane abin da ya sa yake shiga ran mutane. Yana amsa wata tambaya ce ta gaske wadda ba a cika zama a amsa mana ba: ga mutum a ƙasa, ga asibiti da nisa, mu da muke tsaye a kansa me za mu yi?

Tambayar tana da amsa, kuma babu allura a ciki. A ƙasashen da motar ɗaukar marasa lafiya ke zuwa har ƙofar gida, darasi ne sukutum ake koya wa ma'aikatan motar kan yadda za su tantance irin wannan mutum, tun daga inda ya faɗi har ƙofar asibiti. A wajenmu yawanci motar ba ta zuwa. Masu yin wannan aikin su ne ɗan mara lafiyar, ko matarsa, ko maƙwabci, ko mai kemis na bakin layi, sai direban a-daidaita-sahu. Ke nan darasin ya zama namu, mun so ko mun ƙi.

Ɓarnar ba a hannu take ba

Sunan da muka raɗa wa cutar shi ne ya fara ɓatar da mu. Mun ce shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwar ɓarin jiki, sai hankali ya tafi kan hannu da ƙafa, a ɗauko man zafi a hau murza. Alhali hannun lafiyarsa ƙalau. Wurin da ke ba shi umarni ne ya samu matsala, wato ƙwaƙwalwa.

Ƙwaƙwalwa rayuwar hannu baka hannu ƙwarya take yi. Ba ta da rumbun ajiyar abinci ko iska, abin da jini ya kawo mata a wannan daƙiƙar da shi take aiki. Idan jini ya daina isa wani sashe nata, aikin da sashen ke yi sai ya tsaya nan take. Kuma da yake jijiyoyin umarni suna gittawa ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, ɓarnar da ta faru a hagu a dama take bayyana, ta dama kuma a hagu. Cibiyar magana a wajen mafi yawan mutane tana hagu, shi ya sa sau da yawa wanda hannunsa na dama ya saki za ka ji maganarsa ma ta ɗauke.

Ta hanya biyu jinin ke yankewa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. A Amurka kusan kashi 87 cikin 100 toshewa ce. Namu lissafin ya sha bamban. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Najeriya da Ghana har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi da Farfesa Bruce Ovbiagele, ya duba marasa lafiya 2,118 a sakamakon da aka fitar a 2018. An samu kashi 68 toshewa ne, kashi 32 fashewa. Wato kusan mutum ɗaya cikin uku. Hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo ta, kuma kusan rubu'in marasa lafiyar ba su kai shekara 50 ba. Masu cewa ciwon tsofaffi ne sai su sake lale.

A riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya ginu: daga waje babu mai iya rantsewa cewa wannan toshewa ce ko fashewa. Ba mai kemis ba, ba nas ba, ba ma babban likitan ƙwaƙwalwa ba. Hoton kai na na'urar CT ne ke raba gardama. Maganin ɗaya kuwa guba ne ga ɗayar.

Me ya sa ake lissafi da minti?

Mai noman rani zai fi kowa gane wannan. Idan aka datse ruwa daga wata kwali, shukar da ke tsakiya za ta bushe da wuri, amma ta gefe da ke samun 'yar laima daga maƙwabta yaushi kawai za ta yi. In ruwa ya dawo da wuri ta farfaɗo, in ya daɗe ita ma ta bi sahu. Haka ƙwaƙwalwa take. Akwai tsakiyar da ke mutuwa cikin mintuna, akwai kuma kewayenta da ke rataye tsakanin rai da mutuwa na wasu sa'o'i. Duk gudun da ake yi don wannan kewayen ake yin sa.

Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe kuma ba a buɗe ta ba, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 a kowane minti.

Allurar narkar da gudan jini, alteplase, an amince da ita a Amurka a 1996 da sharaɗin a yi ta cikin sa'a uku. Wani bincike na Turai a 2008 ya faɗaɗa wa'adin zuwa sa'a huɗu da rabi, yanzu kuma akwai 'yar'uwarta tenecteplase. Daga 2015 aka tabbatar da amfanin zura siririn bututu ta jijiyar cinya har cikin kai a zaro gudan, da farko cikin sa'a shida, sannan a 2018 aka nuna wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya suna amfana har zuwa sa'a 24. Kar wannan 24 ɗin ta ruɗi kowa. Ta 'yan ƙalilan ce waɗanda hoto ya nuna akwai sauran abin ceta. Ko a cikin wa'adin ma, wanda aka yi wa a sa'ar farko ba ɗaya yake da wanda aka yi wa a ta huɗu ba.

Gwajin minti ɗaya

Kafin komai, ma'aikacin agajin gaggawa yana fara duba abin da ke kashe mutum nan take: yana cikin hayyacinsa? Yana numfashi? Akwai abin da ya toshe masa maƙogwaro, kamar amai, goro ko haƙoran roba? Ya bugu a kai lokacin faɗuwa? Sai an wuce nan ake zuwa gwajin ƙwaƙwalwa.

Gwajin da ya fi yaɗuwa ya samo asali daga wurare biyu. Likitocin birnin Cincinnati na Amurka sun taƙaita dogon ma'aunin da ake amfani da shi a asibiti zuwa abubuwa uku a 1997. A 1998 takwarorinsu na Newcastle a Ingila suka tsara irinsa don ma'aikatan motar asibiti, suka kira shi FAST, haruffan farko na kalmomin Ingilishi masu nufin fuska, hannu, magana da lokaci. Ni kan ce haruffan sun zauna daram a Hausa ma: Fuska, A ɗaga hannu, Saurari magana, Tafi asibiti.

Fuska: ba kallonta kawai ake yi ba, sa ta aiki ake yi. "Baba, ɗan yi murmushi." "Hajiya, buɗe mini haƙoranki in gani." Abin nema shi ne ko ɓangare ɗaya ya motsa ɗayan ya zauna, ko kusurwar baki ta sauko, ko miyau na dalala ta gefe guda. Idan baƙo ne ke gwajin ya tambayi 'yan gida ko dama haka fuskar take.

Hannu: a ce ya miƙa hannuwa biyu gaba kamar mai addu'a, tafuka na kallon sama, ya rufe ido, a ƙirga goma. Rufe idon yana da muhimmanci, don mutum kan gyara hannun da ke sauka idan yana ganinsa. Hannu ɗaya ya faɗi, ko ya riƙa zamewa ƙasa a hankali, ko tafin ya fara kifewa, duk alama ce. Idan duka biyun suka sauka tare, wannan ya fi kama da gajiya ko wata cutar, duk da dai bai wanke shi ba.

Magana ita ce inda aka fi yin kuskure, kuma a nan zan ɗan daɗe. Matsalar iri biyu ce. Akwai wanda harshensa ya yi nauyi, kalmomin daidai ne amma suna fita a harɗe kamar mai magana da tuwo a baki. Akwai kuma wanda harshensa garau yake amma kalmar ce ta ɓace masa, ko yana faɗin wata a madadin wata, ko kuma yana zuba zance tiryan-tiryan marar ma'ana, bai kuma fahimtar abin da ake ce masa. Wannan na ƙarshen shi ne ake yi wa fassarar taɓin hankali ko shafar aljanu, a nufi gidan mai ruƙiyya da shi.

Ga wani tarko da ya shafe mu musamman. Abin da mutum ya haddace tun yana yaro, irin su ƙirge, gaisuwa, salati da Fatiha, sau da yawa yana tsira ko da cibiyar magana ta taɓu. Mutum zai iya amsa "lafiya lau", ya kawo kalmar shahada cikakkiya, 'yan'uwa su ce alhamdu lillahi bakinsa ya buɗe, alhali ba zai iya faɗin sunan matarsa ba. Don haka kar a gwada shi da abin da ya haddace. A nuna masa carbi ko agogo a ce, "Alhaji, mene ne wannan?" A ba shi sabuwar jimla ya maimaita, kamar "Yau kasuwa ta cika da masu sayen albasa." A ba shi umarni mai sauƙi ba tare da an kwatanta masa da hannu ba: "Rufe idonka. Taɓa kunnenka."

Ɗaya daga cikin ukun nan ta isa, matuƙar farat ɗaya ta zo. Ba a jiran su cika uku.

Kuma kar a dogara da bakin mara lafiyar. Idan ɓarnar a ƙwaƙwalwar dama take, mutum kan kasa gane cewa ɓarinsa na hagu ya saki. Zai ce lafiyarsa ƙalau, har ya yi faɗa don an dame shi, ga hannu yana lilo. Ba taurin kai ba ne, yana daga cikin ciwon. A gidajenmu inda maganar maigida ita ce ta ƙarshe, wannan kaɗai kan ci sa'o'i. A irin wannan rana, ɗa ko mata su san cewa saɓa masa shi ne biyayya.

Abin da gwajin ke tsallakewa

FAST ya fi kama ɓarnar gaban ƙwaƙwalwa. Jijiyoyin ƙeya kuwa suna ciyar da sassan da ke kula da daidaiton tafiya, gani da haɗiya. Idan su ne suka toshe, fuska da hannu na iya zama lafiya, amma mutum ya ji jiri mai tsanani farat ɗaya, ya riƙa tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ya ga abu ɗaya ya zama biyu, ko rabin abin da ke gabansa ya ɓace. Wani bincike da aka yi a jihar Kentucky ta Amurka a 2017 ya nuna FAST ya tsallake kashi 14 cikin 100 na masu cutar, amma da aka ƙara duba tafiya da gani sai adadin ya sauko ƙasa da kashi 5. Daga nan sigar BE-FAST ta ƙara karɓuwa. Masu sukarta suna cewa jiri ya yi yawa a gari, in aka ce kowane mai jiri a ruga da shi, sashen gaggawa zai cika maƙil, kuma haruffa shida sun fi huɗu wuyar riƙewa. Suna da gaskiyarsu. Abin da ke raba jiri da jiri shi ne yadda abin ya zo: jirin da ya sauko lokaci guda, ya hana mutum tsayuwa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon sukari, ba na shan maganin zazzaɓi a kwanta ba ne.

Haka ciwon kai da ya faɗo kamar tsawa, irin wanda mutum zai ce bai taɓa jin kamarsa ba, tare da amai ko sanƙarewar wuya. Wannan kan nuna fashewar jijiya.

Akwai kuma wanda alamun za su zo, bayan minti goma ko ashirin su tafi, ya miƙe kamar ba shi ba. Gida ya ɗauki murna, a ce iska ce ta wuce. Gudan jini ne ya toshe ya sake. Gargaɗi ne, kuma haɗarin babbar ta biyo baya ya fi yawa a kwana biyun farko. Shi ma asibiti a ranar.

Yaushe aka gan shi lafiya?

Idan da za a ce in zaɓi abu ɗaya da iyali za su kai wa likita, wannan zan zaɓa. Ba a tambayar yaushe aka same shi a haka. Ana tambayar yaushe ne ƙarshen lokacin da wani ya gan shi garau. Tsakanin tambayoyin nan biyu akwai rai.

Misali: an shiga ɗakin tsohuwa da ƙarfe bakwai na safe aka tarar ba ta iya tashi. In aka isa asibiti da ƙarfe takwas aka ce wa likita "da ƙarfe bakwai ne", zai ɗauka sa'a ɗaya ce ta wuce. Amma in rabon da a gan ta tun bayan Isha'i, agogon daga Isha'i zai fara, sa'a goma ke nan ko fiye. Idan kuwa jikarta ta kai mata ruwan alwala da Asuba suka gaisa lafiya, lissafi ya sauya gaba ɗaya. Allurar narkar da jini idan aka yi ta a makare tana iya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, shi ya sa likita ba zai yi caca da lokacin da ba a tabbatar ba. Kusan mutum ɗaya cikin biyar da cutar yake farkawa daga barci, kuma su ma yanzu akwai hoton MRI da ke iya nuna ko ɓarnar sabuwa ce, don haka ba dalilin zama a gida ba ne.

Mu ba mutanen duba agogo ba ne, amma muna da agogon da ya fi shi: salloli biyar. Ya je jam'in La'asar? Wa ya tsaya kusa da shi a sahu? Ya ci abincin dare da hannunsa? An ji muryarsa lokacin labaran rediyo? Wayarsa ma shaida ce: a duba kiran ƙarshe da ya amsa, a kira mutumin a tambaye shi yadda ya ji maganarsa. Da an samu lokacin a rubuta shi, ko a bayan hannu ne, domin cikin ruɗani mutum uku za su ba da lokaci uku.

Masu shigar burtu

Ba duk mai karkataccen baki ne ɓarinsa ya shanye ba. Babban mai shigar burtu shi ne faɗuwar sukarin jini. Yana iya kawo komai: nauyin harshe, ruɗewa, har sakin ɓari ɗaya. Ya fi samun masu ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan irin su glibenclamide, musamman in sun sha magani ba su ci abinci ba, ko cikin azumi. Shi ya sa awon sukari da ɗigon jinin yatsa wajibi ne a kowane tsarin agajin gaggawa. Wannan ce kaɗai hudar yatsa mai amfani a wannan rana. Yawancin kemis suna da na'urar, kuma awon bai cin minti ɗaya. Idan ya sauka ƙasa da 60, ko 3.3 a ɗaya ma'aunin, ana gyara shi nan take. Ma'aikacin lafiya zai ba da ruwan sukari ta jijiya. Ta baki kuwa sai ga wanda yake farke sarai kuma yana haɗiye miyansa ba matsala. In sukari ya dawo daidai amma alamun ba su tafi ba, a ci gaba da ɗaukarsa a matsayin shanyewar ɓarin jiki.

Farfaɗiya ma kan bar ɓari ɗaya a sake na ɗan lokaci bayan jijjiga. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai suna ruɗa mutum, amma su da zazzaɓi suke tafe. Akwai kuma shanyewar jijiyar fuska kaɗai, wadda ke kama rabin fuska har goshi, ido ya ƙi rufuwa, hannu da magana kuma lafiya. A shanyewar ɓarin jiki yawanci mutum na iya ɗaga girarsa duka biyu. Na faɗi wannan don sani ne, ba don a yanke hukunci a tsakar gida ba. Ma'aikatan motar asibiti a Turai ma suna kai mutane da dama da daga baya a gano ba ita ba ce, kuma ba a ɗaukar hakan kuskure. Kuskuren shi ne barin mai ita a gida.

Kar a manta da yara masu sikila. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 1998 ya nuna kusan kashi 11 cikin 100 na masu nau'in SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin shekara 20 idan babu rigakafi. Yaro mai sikila da ya fara jan ƙafa, ko cokali ya riƙa faɗuwa daga hannunsa, ko maganarsa ta sauya, a gwada shi kamar babba. Shi maganinsa na gaggawa ƙarin jini ne ko sauyinsa. A Kano an yi bincike mai muhimmanci kan gano yaran da ke cikin haɗari da na'urar sauraron gudun jini a kai, da kuma kare su da maganin hydroxyurea.

Taimakon da ke cutarwa

Abu na farko da hannunmu ke kaiwa gare shi idan mutum ya faɗi shi ne kofin ruwa. A ajiye shi. Kusan rabin masu wannan cuta haɗiyarsu na taɓuwa a kwanakin farko, wasu ma ba za su yi tari ba idan abu ya bi ta hanyar iska. Ruwa, koko, zuma, rubutu, man zaitun ko jiƙo, duk abin da ya sauka huhu yana iya zama ciwon huhun da zai kashe wanda ƙwaƙwalwarsa ta tsira. In ban da mai faɗuwar sukarin da muka ambata, ba a ba shi komai ta baki sai an gwada haɗiyarsa a asibiti. Addu'a da tofi ba su buƙatar ya haɗiyi komai, kuma ba su buƙatar a tsaya: ana iya yin su a cikin mota ana tafiya. Malamin da ya san abin da yake yi shi zai fara cewa a tayar da mota.

Na biyu, asfirin. Mutane sun ji ana ba mai bugun zuciya, sai su ɗauka nan ma haka ne. In toshewa ce zai yi amfani, amma bayan hoto. In fashewa ce ƙara zubar zai yi, kuma mun ga a yankinmu ɗaya cikin uku fashewa ce.

Na uku ya fi wuyar karɓa: kar a yi gaggawar saukar da hawan jini. Mai kemis ya auna ya ga 200, hankalin kowa ya tashi, a fasa ƙwayar maganin hawan jini ta nifedipine a ƙarƙashin harshe ko a yi allura. Amma idan toshewa ce, jiki da kansa ne ya ƙara wa injin wuta don ya tura jini ta ƙananan hanyoyi zuwa shukar nan da ta yi yaushi. Ka kashe injin, ka ƙarasa ta. An gwada wannan a ƙasar Sin, a binciken INTERACT4 da aka fitar a 2024 kan mutum sama da 2,400: an riƙa saukar da hawan jinin wasu tun a cikin motar asibiti. Masu fashewa sun amfana, masu toshewa sun cutu, da aka haɗa lissafi sai aka tashi babu riba. A auna, a rubuta, a kai wa likita adadin.

Sauran a taƙaice: wanda ke farke a kwantar da shi yadda ya fi jin daɗi, kai ɗan sama. Wanda ke gyangyaɗi, munshari ko amai a juya shi kan gefensa don kar ya shaƙe. A sassauta wuyan riga da rawani. Kar a ja shi ta hannun da ya saki wajen ɗagawa, kafaɗar na iya gocewa. Kar ya tuƙa kansa. Iskar oksijin ma ba a sa wa kowa, sai wanda awon iskar da ke jininsa ya gaza kashi 94. Ƙa'idar ma'aikatan agaji a Amurka ita ce kar a wuce minti 15 a wurin da aka tarar da mara lafiya.

Wane asibiti?

A ƙasashe masu hali muhawarar ita ce: a kai shi asibiti mafi kusa da ke yin allura, ko a wuce da shi babba mai zaro gudan jini ko da ya fi nisa? An ƙirƙiro ma'aunai don hasashen toshewar babbar jijiya, inda ake duba ko idanu sun karkata gefe guda, ko ɓarin ya mutu murus. Yankin Kataloniya na Sifaniya ya gwada hanyoyin biyu a garuruwan da ke nesa da manyan asibitoci, sakamakon 2022 bai nuna ɗaya ta fi ɗaya ba. Jamus kuwa tun 2008 ta fara ɗora na'urar CT a cikin motar kanta.

Tamu muhawarar ta fi wannan sauƙi da ɗaci. Tambayar ita ce ina ne mafi kusa da ke da CT mai aiki da likita a yanzu. Yawanci asibitocin koyarwa ne, da cibiyoyin lafiya na tarayya, da wasu manyan asibitocin jiha da masu zaman kansu. Yawon da ke cinye wa'adi sananne ne: kemis, ƙaramin asibitin unguwa, a ɗaura ruwa, a kwana, gobe a rubuta takardar turawa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti da ya duba numfashi, ya auna sukari da jini, ya rubuta lokaci, ya tura nan take, ya yi aikinsa cikakke. Sai dai in mutum numfashinsa na sarƙewa ko ya suma, nan kam asibiti mafi kusa za a fara tsayawa. Gidan da ke da mai hawan jini ya kamata ya san amsar "ina za mu" tun ana zaune lafiya.

A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112, kuma a 2022 aka ƙaddamar da tsarin NEMSAS na motocin agaji, wanda aka tsara ya ɗauki nauyin kulawar sa'o'i 48 na farko, ana kuma faɗaɗa shi jiha-jiha. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. A kira, amma a tambayi minti nawa motar za ta ɗauka. In ga motar maƙwabci a ƙofa, ba a zama jiran jiniya.

Wani zai ce, to gudun me ake yi tunda allurar ba ko'ina ake samunta ba, inda take kuma kuɗinta ya fi ƙarfin talaka? Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya ne mafi yawan marasa lafiyarmu ba za su samu allurar ba. Amma mai fashewar jijiya ba ita yake buƙata ba tun farko, shi saukar da hawan jini cikin kulawa a sa'o'in farko yake buƙata, wani lokaci da tiyata. Mai sikila jini yake buƙata. Mai faɗuwar sukari minti biyar ya ishe shi. Kowa kuma yana amfana da gwajin haɗiya, daidaita sukari, sauke zazzaɓi da fara motsa jiki da wuri, waɗanda aka daɗe da tabbatar da cewa suna rage mutuwa da naƙasa ko babu wata allura mai tsada.

Idan akwai lambar wani a asibitin, a kira tun ana hanya. A tafi da wanda abin ya faru a gabansa, ko aƙalla lambarsa, ba babban wa da ya zo daga baya ba. A zuba duk magungunansa a leda a riƙo, musamman masu tsinka jini irin su warfarin. A faɗa in an yi masa tiyata kwanan nan, ko ya bugu a kai, ko ya taɓa samun irin wannan, ko mace tana da ciki ko tana jego. A bakin ƙofa kuma ba dogon labari ake so ba. Abin da likita ke son ji bai wuce wannan ba: "Likita, mahaifina ne, shekararsa 62, yana da hawan jini. Ya yi Magariba a masallaci lafiya, bakwai saura kwata. Bakwai da rabi muka ga bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki, ba ya iya faɗin sunana. Sukarinsa 110, jininsa 190 bisa 100. Ba mu ba shi komai ba. Ga magungunansa."